Wa Ya Cancanci Riƙe Makirufo? Launin Fata da Aikin Sharhin Wasanni a Amurka da Ingila

A watan Yulin 2020, lokacin da annobar korona ta rufe filayen wasa a faɗin duniya, hukumar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, ta tattara ƙungiyoyi 22 a harabar Disney da ke kusa da Orlando a jihar Florida, domin a ƙarasa kakar wasa ba tare da 'yan kallo ba. Duk wanda zai shiga harabar sai ya killace kansa na wasu kwanaki a ɗakin otal. Cikin waɗanda aka killace har da Rachel Nichols ta tashar ESPN, wadda tun 2016 take gabatar da shirin ƙwallon kwando na kullum mai suna The Jump. An kafa mata kyamara a ɗakin domin ta ci gaba da aiki daga can. Wata rana, ba ta lura cewa na'urar a kunne take ba, ta shiga hira ta waya da Adam Mendelsohn, mai ba LeBron James shawara. Duk abin da ta faɗa ya zarce rumbun ajiyar hotuna na hedikwatar tashar a Bristol, jihar Connecticut.

Abin da ke cin ranta shi ne an sanar da ita cewa ba ita za ta jagoranci shirin share fagen wasannin ƙarshe na gasar ba. Maria Taylor aka ba. Nichols farar fata ce, Taylor baƙar fata, kuma ba a cika wata biyu da kisan George Floyd a Minneapolis ba, manyan kamfanonin Amurka kowa na rige-rigen nuna cewa ya damu da baƙaƙen fata. A cikin hirar, Nichols ta ce tana yi wa Taylor fatan alheri, amma idan matsin lamba ne ya sa tashar take son wanke mummunan tarihinta na rashin damawa da kowa, tarihin da ita ma ta ɗanɗana a matsayinta na mace, to ta nemi wani wurin da za ta ƙara wa Taylor aiki, kada ta ƙwace nata. Ta ƙara da cewa wannan aikin yana cikin kwantiraginta.

Hoton ya zaga tsakanin ma'aikata, tashar ta yi gum har shekara guda. Ranar 4 ga Yulin 2021 jaridar New York Times ta fasa ƙwan, kwana biyu kafin a fara wasannin ƙarshe na wannan shekarar. A makonnin da Giannis Antetokounmpo, ɗan Girka da iyayensa 'yan Najeriya ne, yake jan Milwaukee zuwa ga kofi, rabin maganar da ake yi a kafofin watsa labarai ba a kansa take ba. A kan mata biyu take, da tambayar da ta girme su duka: idan baƙar fata ya samu kujera a gaban kyamara, ƙwarewarsa ce ta ba shi ko fatarsa?

Tambayar tana da wuyar amsawa saboda yanayin aikin. A fili, cancanta tana da ma'auni. Mai tsere yana da agogo, ɗan ƙwallo yana da adadin abin da ya zura. Ranar 15 ga Afrilun 1947 Jackie Robinson ya zama baƙar fata na farko a babbar gasar besbol ta zamani, kuma a ƙarshen kakar aka zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasa. Duk mai ƙinsa sai dai ya yi gardama da alƙaluma. Ɗakin sharhi ba shi da agogo. Babu jarrabawar shiga, ba a cika tallata manyan guraben ba, kuma mutum biyu ko uku a ofishin manajan shirye-shirye ne suke yanke hukunci a kan abubuwan da ba sa aunuwa: murya, fuska, kwarjini, da hasashen ko jama'a za su so su shafe sa'a uku da wannan mutum a falonsu.

Kujerun kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai mai bayyana wasa yayin da ake bugawa, wanda shi ne muryar tashar. Akwai mai jagorantar shiri a situdiyo. Akwai mai sharhi, galibi tsohon ɗan wasa ko koci. Sai mai kawo rahoto daga bakin fili, wanda ake ba daƙiƙoƙi kaɗan tsakanin hutu. Tarihin wannan gardama kusan duka tarihin wa aka bari ya zauna a wace kujera ne.

Baƙaƙen fata ta ƙofar tsofaffin 'yan wasa suka shigo. Robinson da kansa ya yi sharhin besbol a tashar ABC a 1965. A 1971 tashar CBS ta ɗauki Irv Cross, tsohon ɗan wasan Philadelphia Eagles a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe sharhin wasanni a matsayin cikakken aiki a tashar da ake kallo a duk ƙasar. A 1975 aka sa shi a The NFL Today, shirin da ya zama abin koyi ga duk shirye-shiryen share fagen wasa da suka biyo baya.

Ya kamata a tsaya a dubi teburin wannan shiri, domin yana nuna abin da kalmar cancanta take nufi a wancan zamani. Jagoran shirin Brent Musburger ne, ɗan jarida mai baiwar murya. A 1968, yana rubutu a wata jaridar Chicago, ya kwatanta Tommie Smith da John Carlos, 'yan tseren da suka ɗaga dunƙulen hannu a gasar Olamfik ta Meziko, da dakarun 'yan Nazi masu baƙar fata. Wannan bai rage masa komai a aiki ba. Mace ɗaya da ke teburin, Phyllis George, sarauniyar kyau ta Amurka ce ta 1971. Da ta tafi a 1978 aka maye gurbinta da Jayne Kennedy, baƙar fata, 'yar fim, ita ma tsohuwar sarauniyar kyau ta jihar Ohio. A 1976 aka ƙara da Jimmy Snyder, wanda ake yi wa laƙabi da Bagirke, gogaggen ɗan caca daga Las Vegas da kotu ta taɓa samu da laifi a kan harkar caca, har sai da Shugaba Gerald Ford ya yi masa afuwa a 1974. Aikinsa hasashen wanda zai ci wasa. Cikin su duka Cross ne kaɗai ya taɓa buga wasan da ake magana a kai, yana kuma da digiri daga Jami'ar Northwestern. Babu wanda ya ga abin mamaki a wannan haɗi. Talabijin ce, kowa da abin da aka kawo shi ya sayar.

Howard Cosell, lauyan da ya zama mashahurin mai sharhi kuma ya tsaya wa Muhammad Ali lokacin da aka ƙwace masa kambu, ya yi ta ƙorafi a kan cika ɗakin sharhi da tsofaffin 'yan wasan da ba su iya aikin jarida ba. Ya ba wa batun fili a littafinsa na 1985, I Never Played the Game. Wato gardamar cancanta ta riga gardamar launin fata zuwa wannan sana'a, kuma akasarin waɗanda Cosell yake kuka da su fararen fata ne.

Cikin wata tara, daga 1987 zuwa 1988, abin da masu ɗaukar aiki suke faɗa a bayan ƙofa ya fito fili har sau biyu. Ranar 6 ga Afrilun 1987 shirin Nightline na ABC ya shirya tunawa da cika shekara 40 da shigar Robinson. Aka gayyaci Al Campanis, babban jami'in ƙungiyar Los Angeles Dodgers, saboda sun buga wasa tare da Robinson a Montreal a 1946. Ted Koppel ya tambaye shi me ya sa a lokacin babu baƙar fata ko ɗaya da ke koci ko babban manaja a gasar. Campanis ya ce shi bai ga wariya ba. Wataƙila dai ba su da wasu abubuwan da ake buƙata don riƙe irin waɗannan muƙamai. Koppel ya ba shi dama ya gyara, sai ya ƙara nutsewa, har ya kawo zancen cewa baƙaƙen fata ba su iya iyo ba saboda jikinsu ba ya tasowa a ruwa. Bayan kwana biyu ya rasa aikinsa. Abin da ya girgiza mutane shi ne ba a san Campanis da ƙiyayya ba. Dattijo ne ɗan shekara 70 da ya yi abota da Robinson, yana faɗin abin da ya ɗauka kowa ya sani.

Ranar 15 ga Janairun 1988, ranar haihuwar Martin Luther King, wani ɗan jaridar talabijin ya tare Jimmy Bagirke a wani gidan abinci a Washington. Snyder ya ce baƙar fata ya fi iya wasa ne saboda tun zamanin bauta iyayengiji suke haɗa ƙarfafan bayi don su haifi ƙarfafa. Ya kuma ce idan baƙaƙe suka karɓe aikin koci, babu abin da zai rage wa farare. Washegari CBS ta sallame shi bayan shekara 12. Makonni biyu bayan haka, Doug Williams ya ja ƙungiyar Washington ta lallasa Denver da ci 42 da 10 a wasan ƙarshe na Super Bowl. Williams kwatabak ne, wato ɗan wasan da ke karanta fili, ya tsara hari, ya jefa ƙwallo, gurbin da aka daɗe ana cewa na masu kaifin ƙwaƙwalwa ne. Shi ne baƙar fata na farko da ya ci kofin a wannan gurbi.

Maganganun biyu tushensu ɗaya: jiki na baƙi ne, kai na fari. Wannan rabon ne ya sa baƙar fata yake iya zama mai sharhi, yana ba da labarin abin da jikinsa ya sani, amma kujerar mai bayyana wasa ta yi masa nisa. Sai a Janairun 2001, shekara 30 bayan ɗaukar Irv Cross, Greg Gumbel na CBS ya zama baƙar fata na farko da ya bayyana wasan Super Bowl, a karo na 35 da aka buga shi. Tunanin kuma bai tsaya a Amurka ba. A Afrilun 2004 Ron Atkinson, wanda a ƙarshen shekarun 1970 ya yi suna da sa baƙaƙen 'yan wasa uku a West Bromwich Albion, ya zagi Marcel Desailly da kalmar wariya bayan wasan Monaco da Chelsea, yana zaton an kashe makirufo. Masu kallo a Gabas ta Tsakiya sun ji, ya bar tashar ITV. A 2020 wani kamfanin Denmark mai suna RunRepeat, tare da ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon Ingila, ya nazarci sharhin Ingilishi a wasanni 80 na manyan gasannin Turai huɗu. Ya gano cewa sama da kashi 60 cikin ɗari na yabon basira ya tafi ga masu hasken fata, sama da kashi 60 na sukar basira kuma ga masu duhun fata, waɗanda aka fi yaba wa ƙarfi da gudu. Duk wanda ya saba zama a gidan kallo ya san irin kalmomin da ake zaɓa wa ɗan wasan tsakiya ɗan Afirka.

A 2003 gardamar ta juya fuska. ESPN ta ɗauki Rush Limbaugh, mai shirin siyasa na rediyo da masu ra'ayin riƙau ke sauraro da miliyoyinsu, ta zaunar da shi a shirinta na safiyar Lahadi. Bai taɓa buga wasan a matakin ƙwararru ba, bai taɓa horarwa ba. Jama'arsa ake so. Ranar 28 ga Satumba ya ce Donovan McNabb, kwatabak ɗin Philadelphia, bai kai yadda ake zuzuta shi ba, 'yan jarida ne kawai suke ƙishirwar ganin baƙar fata ya yi nasara a gurbin. Bayan kwana uku ya ajiye aiki. McNabb ya gama kakar da nasara 12 cikin wasa 16, a kakar da ta biyo baya kuma ya kai ƙungiyarsa Super Bowl.

Tsakanin Campanis da Limbaugh shekara 16 ne. Na farko ya ce ba za su iya ba. Na biyu ya ce ana ɗaga su ne don fatarsu. Zargi na biyu ya fi na farko tsawon rai, saboda ba ya ƙaryatuwa. Wanda aka ce ba zai iya ba yana iya yi a gani. Wanda aka ce alfarma aka yi masa, duk ƙarin girman da ya samu sai ya zama sabuwar hujja a hannun mai zargi. Mai karatu a Najeriya ba baƙon wannan ba ne: tun da tsarin mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar la'akari da sassan ƙasa wajen rabon muƙamai, wanda ya fito daga yankin da ake ganin an bari a baya yakan rayu da raɗe-raɗin cewa kason jiharsa ne ya kawo shi, ko da shi ya zo na ɗaya a ajinsu. Bambancin shi ne a Amurka babu kaso a rubuce. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta haramta ɗauka ko ƙin ɗaukar ma'aikaci saboda launinsa, ko wane launi ne. Saboda haka kamfani yana iya shelanta cewa yana son ma'aikatansa su yi kama da jama'ar ƙasa, amma ba zai taɓa cewa don haka ya ɗauki wane ba. Tsakanin shelar da shirun nan zato yake tsiro.

Ingila ta ga haka ƙarara a bazarar 2020. A watan Agusta tashar Sky Sports ta sallami Matt Le Tissier da Charlie Nicholas da Phil Thompson daga shirinta na ranar Asabar, Soccer Saturday, inda suka shafe shekaru. Dukkansu farare ne, dukkansu sun haura shekara 50. Tashar ba ta yi wani cikakken bayani ba. Kafin dare, shafukan sada zumunta sun cika da zagin Alex Scott da Micah Richards da Clinton Morrison, baƙaƙen masu sharhi da ba su da hannu a hukuncin. Sai da Ian Wright ya fito a bidiyo yana tambayar laifin da suka yi. Wata guda bayan haka BBC ta sanar da cewa Sue Barker, wadda ta ci gasar tanis ta Faransa a 1976, za ta bar shirin kacici-kacici na A Question of Sport da take jagoranta tun 1997. Jaridu suka ce Scott ce za ta gaje ta, aka sake yi mata ca. Da aka tashi naɗi, sai aka ba Paddy McGuinness, ɗan barkwanci farar fata, tare da sababbin jagororin ɓangarori biyu, Sam Quek da Ugo Monye. Masu kallo suka ragu, BBC ta dakatar da shirin a ƙarshen 2023. Wasu suka ce neman damawa da kowa ne ya kashe shi, wasu suka ce sauya salon shirin ne. Abin da ya tabbata shi ne Scott ta sha zagi a kan kujerar da ba ta taɓa zama a kai ba.

Ita Scott ta buga wa Ingila wasa 140, ta ci kofin Turai da Arsenal, ta kuma yi karatun aikin jarida na wasanni. Da babu abin kamawa a nan, sai aka koma ga harshe. Lokacin gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, Digby Jones, tsohon ɗan majalisar dattawan Birtaniya, ya rubuta cewa tana ɓata shirin BBC saboda ba ta furta ƙarshen wasu kalmomi. Karin harshen talakawan gabashin Landan ne, inda ta tashi, kuma ta amsa cewa tana alfahari da shi. Irin wannan ƙorafin aka yi wa Stuart Scott, wanda ya shiga ESPN a 1993 yana magana da salon matasan baƙaƙen Amurka. Kafin rasuwarsa a 2015 ya zama ɗaya daga cikin muryoyin da aka fi sanin tashar da su. A sana'ar da murya ce jari, abin da kunnen manaja ya saba ji shi yake zama ma'aunin iya magana.

Idan aka dawo ɗakin otal na Orlando da wannan tarihi a hannu, za a ga cewa kowace daga cikin matan biyu tana da hujja. Nichols ba 'yar alfarma ba ce. Ta yi shekaru tana rubuta labarin wasanni a Washington Post kafin ta shiga talabijin a 2004. A 2014, tana CNN, ta tsare shugaban hukumar NFL Roger Goodell da ɗan dambe Floyd Mayweather da tambayoyi a kan dukan mata, a lokacin da maza da yawa a sana'ar suka kau da kai. Ƙorafinta a kan ESPN gaskiya ne: tashar ta daɗe tana da ƙarancin mata da baƙaƙe a manyan muƙamai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfanin da bai reni mutane shekara da shekaru ba, idan ya tashi gyara cikin mako ɗaya saboda zanga-zanga, dole ya karɓe daga hannun wani, kuma ba daga hannun manyan mazan da ke sama ya karɓa ba.

Inda ta kauce shi ne ɗaukar cewa babu wani dalilin ba Taylor aikin sai matsin lamba. Taylor ta buga ƙwallon raga da ƙwallon kwando a Jami'ar Georgia. Ta bi matakan aikin daga ƙananan wasannin jami'o'i, a 2017 ta shiga College GameDay, ɗaya daga cikin manyan shirye-shiryen tashar, kuma tun 2019, kafin a kashe Floyd, ita take jagorantar NBA Countdown, shirin share fagen da ake magana a kai. Wato akwai shirye-shirye biyu, da jagorori biyu, da wasannin ƙarshe guda ɗaya. Manaja mai hankali yana iya zaɓar kowace a cikinsu, ya kare zaɓinsa. A gasar da kusan kashi uku cikin huɗu na 'yan wasanta baƙaƙe ne, ba baƙar mace a kujerar jagora ce ke buƙatar bayani ba.

Babban laifin na tashar ne. Ta san da hoton tun a makon da aka ɗauke shi. Ba ta zaunar da matan biyu ta warware ba, ba ta fito ta faɗi dalilin zaɓinta ba. Taylor ta ƙi yin shiri kai tsaye da Nichols, sai aka koma naɗar rahotannin Nichols kafin shiri don kada su haɗu. Bisa rahoton New York Times, mutum ɗaya tak aka san an hukunta a wannan shekarar: wata ƙaramar ma'aikaciya baƙar fata da ta amsa cewa ta tura wa Taylor hoton, aka dakatar da ita mako biyu babu albashi. Shugaban NBA Adam Silver ya ce abin takaici ne a haɗa mata biyu faɗa a sana'ar da mata ba su da yawa, ya kuma nuna cewa bai kamata magana ɗaya ta shafe aikin shekaru ba.

Ta shafe, aƙalla a ESPN. Nichols ta nemi gafara a shirinta ranar 5 ga Yulin 2021. Washegari aka cire ta daga kawo rahoton wasannin ƙarshe, aka sa Malika Andrews, baƙar fata 'yar shekara 26. A watan Agusta aka soke The Jump, a farkon 2022 suka rabu da tashar. Taylor ba ta tsaya ba ita ma. Kwantiraginta ya ƙare daidai da kammala gasar, ta koma NBC cikin kwanaki, ta bayyana a shirye-shiryen Olamfik na Tokyo, a 2022 kuma ta zama jagorar Football Night in America, shirin da ke share fagen wasan daren Lahadi. Tashar da ta ga kujera ɗaya ba za ta ɗauki mutum biyu ba ta rasa su duka cikin wata shida.

Ana cikin wannan, wani naɗin ya zo wanda ya nuna yadda sana'ar take aiki idan babu batun launi. A watan Mayun 2022 kamfanin Fox ya sanar da cewa Tom Brady, wanda ya ci Super Bowl sau 7, zai zama babban mai sharhinsa duk ranar da ya yi ritaya. Jaridu suka ruwaito kwantiragin shekara 10 a kan dala miliyan 375. Brady bai taɓa yin sharhin wasa ko ɗaya ba. Kafin ya iso, Fox ta ɗora Greg Olsen a kujerar, tsohon ɗan wasa wanda sunansa bai kai na Brady ba. Olsen ya yi aikin kaka biyu, ya yi sharhin Super Bowl na Fabrairun 2023, masu nazarin talabijin suka yaba masa, ya ci lambar Emmy ta wasanni. Idan akwai abin da ya yi kama da agogo a wannan sana'a, to Olsen ya nuna lokacinsa.

A Satumban 2024 Brady ya zauna a kujerar, aka mayar da Olsen tawaga ta biyu, rahotanni suka ce albashinsa ya ragu ƙwarai. An yi gunaguni, an tausaya masa, amma ba a ce an yi wa cancanta kisan gilla ba, kuma babu wanda ya bi Brady da zagin cewa bai isa ba saboda asalinsa. Kowa ya fahimci cewa suna ake saye. Wata guda bayan haka aka amince wa Brady ya sayi hannun jari a ƙungiyar Las Vegas Raiders, abin da ya sa hukumar NFL ta hana shi a wannan kakar shiga atisayen sauran ƙungiyoyi da tarukan da masu sharhi ke yi da kociyoyi kafin wasa, inda ake samo rabin abin da ake faɗa wa masu kallo. A Fabrairun 2025, cikin shekararsa ta farko a aikin, shi ya yi sharhin Super Bowl.